Jar Mota da Tudun Ƙofar Alhaji Sale

Ku yaran yanzu, da an ce za a sauke mota ƙasa sai ku yi dariya ku ce ai wannan aikin kafin azahar ne: a ɗaga ta a jak, a zaro sifirin, a sa injin yanka a datse masa zagaye guda, a mayar. Da kunnena na ji wannan magana a bakin gareji, daga bakin wanda ko gemu bai fara ba. To ku matso ku ji. Ni Habu mai sifirin, a ƙarƙashin mota furfura ta same ni a garin nan na Haɗeja, kuma mota ɗaya tak na taɓa saukewa a rayuwata. Ita ɗin ma saura ƙiris ta sa a rushe abin da ya fi ta daraja, wato tudun simintin da ke ƙofar gidan abokina, marigayi Alhaji Sale.

Nura ne ya kawo ta, autan Alhaji Sale, wanda ya dawo gida daga Kano ya riƙe injin casar shinkafar mahaifinsa. Ja ce wur, mai ƙofa biyu, kujera biyu, irin wadda idan ka shiga sai ka ji kamar a tabarma ka zauna. Ya fito cikin farar shadda, ya durƙusa ya gaishe ni, don yaron yana da ladabi, ba zan ɗauki alhakinsa ba.

"Baba, so nake a sauke min ita."

"A sauke ta daga ina? Ai a ƙasa na gan ta."

"A ƙara matso da ita ƙasa, Baba. Ka ga wannan sararin da ke tsakanin taya da bodi? Shi nake so ya ɓace."

Na tura hannu a wurin, yatsuna huɗu suka shiga da ƙyar. Na dube shi na dubi motar. A zamaninmu, in mai mota ya zo karɓar aiki bai ga kansa zai iya shiga wannan sararin ba, rigima za a yi har a tara mutane.

Domin mu ɗaga mota muka koya, ba sauke ta ba. Maigidana Malam Bukar, Allah ya ji ƙansa, asalinsa maƙeri ne, shi ya sa garejinsa ya fi kama da maƙera. Akwai zuga-zugi na fatar akuya, da tulin gawayin ƙirya, da awartaki mai dogon hannu, da guduma uku waɗanda kowace da aikinta, da rabin ganga cike da tsohon baƙin mai. Motocin lokacin akori-kura ne, masu sifirin falle-falle, faffaɗan ƙarfe an jera wani kan wani an ɗaure. Su ne ke ɗauko shinkafa daga fadama, su ɗauko bandar kifi daga wajen Kirikasamma, a kan hanyar da rani yashi ne, damina taɓo. Kowa kukansa ɗaya: mota ta zauna, cikinta yana goga ƙasa, a ɗaga min ita.

Aikin farko da aka bar ni na riƙe guduma, motar wani mai fataucin kifi ce da ta karkace gefe guda kamar tsohon jaki. Malam Bukar ya warware sifirin, ya riƙa ɗaukar falle ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana kusa da kunnensa. Mai lafiya ƙara yake yi doguwa, wanda ya tsage a ciki kuwa sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Aka ware matattu, aka sa masu rai a wuta. Ya ce in zuba ido: in ƙarfe ya yi ja irin na nunannen tumatir a fitar da shi, in aka bari ya kai ruwan ɗorawa an kashe shi. Na yi ta duka yana juya ƙarfen, har lanƙwasarsa ta dawo, sannan ya tsoma shi a baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe mu. Ranar na koma gida hannuna duk ya yi bororo, amma ko tuwo ban iya ci ba saboda murna.

Abu biyu ne Malam Bukar ba ya sassautawa a kai. Na farko, kafin ya taɓa mota sai ya shiga gaba kusa da mai ita sun bi hanyar da take bi kullum, tun daga inda take ɗaukar kaya har inda take kwana. Na biyu, ba ya miƙa wa mutum mukulli sai an loda wa motar irin kayan da za ta riƙa ɗauka, an gwada ta da su. Da ina yaro na ɗauka son yawo ne ke damun tsohon. Sai da na buɗe nawa wurin na gane cewa tsayin mota ba a gareji ake yanke shi ba. Mai shinkafa daban, mai kifi daban, mai ɗaukar fasinja zuwa Jahun ranar kasuwa daban, kuma babu wanda zai faɗa maka gaskiyar nauyin da yake ɗorawa sai ka gani da idonka.

Alhaji Sale na cikin mutanen farko da suka ba ni aiki da na tsaya da ƙafata. A lokacin ko Makka bai je ba, Sale ne kawai, da wata farar akori-kura wadda ta fi shi shekaru. Duk kaka sai ya zo ya ce, "Habu, ƙara mata falle ɗaya, bana Allah ya yi albarka." Ina ƙarawa yana ƙara buhu, har motar ta zama in ba kaya a kanta sai ta riƙa tsalle kamar ɗan maraƙi. A haka muka shaƙu. Yakan zauna a kan tsohuwar taya ya ja min zuga-zugi muna hira, babban manomi da shi, bai taɓa jin ya fi ƙarfin hakan ba. Ina kewar mutumin nan har gobe.

To ɗansa ne yau ya zo da aikin da ya saɓa wa duk abin da na sani. Sai dai kada ku ɗauka yaron bai san abin da yake yi ba. A wannan fannin shi ne malamin, ni ne ɗalibi. Ya zaro waya, muka zauna a benci yana nuna min yadda ake yi a wasu ƙasashe, yana fassara min. Motarsa ba falle-falle gare ta ba, sifirin ne naɗaɗɗe da ya zagaye shokazoba. Tun kafin in buɗe baki ya ce ba ya son a yanke, kuma ba ya son a sa wuta. Na ce alhamdu lillahi, mun rage faɗa ɗaya. Sifirin da aka yanke ba ya zama daidai a gurbinsa, ranar da mota ta faɗa rami sai ya yi tsalle ya bar wurin. Wanda aka gasa don ya zauna kuwa ƙarfinsa ya tafi, kullum sai ya ƙara nutsewa har ya karye.

Saura hanya biyu. Ko a sayo gajeren sifirin da aka ƙera shi a gajere, a haɗa shi da shokazoba daidai tsawonsa, don in ka bar tsohuwar doguwar za ta riƙa aiki a takure ta zubar da manta cikin ɗan lokaci. Ko kuma a sayo irin wanda sifirin da shokazoba suke haɗe, jikinsa da zare kamar na noti, da wani zobe da ake murɗawa mota ta yi sama ko ta yi ƙasa. Ban taɓa riƙe irinsa ba. Amma da na ji ana iya gyara tsayi ba tare da an kwance komai ba, sai na ce wannan za mu ɗauka. Nura ya aika Kano a nemo. Ni kuma na ce kafin kaya su iso, sai mun bi hanya.

Shigata motar ma sai da ya riƙe min hannu. Muka bi ta kasuwa, muka bi hanyar injin casa inda ake shanya shinkafa a gefen kwalta, muka tsallake tudun rage gudu da mutanen kowace unguwa suke ginawa yadda ransu ya ga dama, wani na siminti, wani na ƙasa, wani ma kututture ne aka binne. A kowanne sai in sa ya tsaya, in fita in leƙa ƙarƙashi in ga abin da ya fi kusa da ƙasa. Duk na ga za a iya lallaɓawa. Sai muka zo inda take kwana. Ƙofar gidan Alhaji Sale ba kamar ta kowa ba ce: daga titi sai ka hau wani tudun siminti mai kauri, ka kai ƙololuwarsa daidai get, sannan ka gangara cikin gida. Na tsuguna ina kallo tana hawa. Daidai lokacin da tayoyin gaba suka gangara na baya ba su hau ba, cikinta ya wuce ƙololuwar da abin da bai fi yatsa biyu ba.

"Nura, in aka sauke ta yadda kake so, nan ba za ta hau ba."

"Na sani, Baba. Fasa shi za a yi, na riga na yi wa Tanko magini magana. Ai ruwa ya daina zuwa unguwar nan."

Na miƙe na dubi Nura. Shi yana goye a shekarar da jingar bakin kogi ta ɓalle, bai san komai ba. Ni na sani. Ruwa ya shigo gari ya zauna kamar an ba shi masauki. Garejina ya koma tafki, zuga-zugin da na gada daga Malam Bukar ya jiƙe ya ruɓe, duk sifirin da na tara suka yi tsatsa. Aiki ya tsaya cak, don wa zai gyara mota alhali kwale-kwale ake shiga a je gona? Ni da nake gasa ƙarfe sai ga ni ina bin masunta ina riƙe musu taru don in sami na cefane. A gidan Sale kuwa ta ƙofa ruwa ya bi ya shiga. Shinkafar shekara guda da ya jibge a ɗaki ta tsiro a cikin buhu, kore shar, katangar baya ta faɗi, iyalinsa suka koma makaranta da zama tare da sauran jama'a.

Da ruwa ya janye, abin da Sale ya fara yi kafin ma ya tayar da katanga shi ne wannan tudu. Ya duba layin da ruwa ya bari a bango, ya ce a gina ya ɗara shi. Rodi ya yi wuyar samu a lokacin, sai na kwaso fallayen sifirin nawa da suka lalace muka jera su a ciki, ni da shi muka kwaɓa siminti. Daga baya an yi daminar da ruwa ya sake malalowa unguwar, ya zo ya tsaya a gindin tudun, ya kwana biyu ya koma. Na ba Nura wannan labari a taƙaice washegari. Ya saurara da ladabi, ya ce Allah ya ji ƙan Baba, amma yanzu an gyara magudanar ruwa. Na ga ba zan ci shi da baki ba, sai na roƙi abu ɗaya: ya bar ni in gwada. In ta shiga a tsayin da yake so, tudu ya tsira. In ta ƙi, ba zan sake cewa uffan ba. Ya amince.

Kayan suka iso a kwali, fes da su, har da wata sifana mai baki kamar ƙugiya wadda da ita ake murɗa zoben. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. Muka ɗaura su, muka sauke motar a hankali, gaba da baya, hagu da dama, har sararin nan ya koma yatsa ɗaya kamar yadda ya nema. In ka sauke mota tayoyinta sukan kwanta ta ciki, su riƙa cinyewa ta gefe guda, don haka na ja igiya daga gaba zuwa baya na daidaita su. Daga nan na koma neman sarari a cikinta kamar mai neman allura. Salansa ce ta fi rataya, na gajarta marataya na manne ta da jiki. Wani murfin roba da ya saki na ɗaure shi. Kawunan noti biyu da suka leƙo na canza su da masu faɗi. Da na gama na ja da baya na dube ta, kuma gaskiya ɗaya ce, ta yi kyau. Ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera, har na ji kunyar yadda ta burge ni.

Ranar gwaji bayan la'asar muka je. Tanko magini yana zaune a gefe a kan babbar gudumarsa, maƙwabta sun fara taruwa. Na ce wa Nura kada ya hau kai tsaye, ya karkato ta, taya ɗaya ta riga ɗaya. Na kwanta rubda-ciki a kan siminti ina kallo. Ta hau, ta hau, ta kai ƙololuwa, na ga haske siriri tsakanin cikinta da tudun, ta wuce ba ta taɓa ba. Mutane suka yi shewa. Nura ya fito yana dariya ya ce, "Baba, ka ci!" Tanko ya miƙe yana kaɗe wando zai tafi.

Da na yi shiru, da an wuce wurin. Amma kujerar gefe babu kowa a kai, kuma ni ban taɓa miƙa mukullin motar da ban gwada ta da kayanta ba. Na tsaya ina jin zuciyata tana cewa Habu rufe bakinka, bakin ya ƙi.

"A kawo buhun shinkafa a ɗora a kujerar nan, a sake."

"Baba, na mene ne kuma?"

"Kujera biyu gare ta. Wata rana za ka ɗauko Hajiya daga asibiti ko daga unguwa."

Aka kawo buhu aka zaunar, har da ɗaura masa bel don 'yan kallo su sami abin dariya. Ya koma titi, ya karkato ta kamar ɗazu. Tana kaiwa ƙololuwa sai muka ji ƙiiii, ƙarfe a kan siminti, har cikin haƙorana. Ya ja da baya, ga farin zane a kan tudun. Ya fito bai kalle ni ba. Na ce in ya yarda a ɗaga ta da kaurin yatsa ɗaya, shi ke nan an gama. Ya ce, "Baba, mun yi alkawari. Ba zan sayi mota in riƙa sauke mutane a titi ba, kuma in na ɗaga ta me na yi ke nan?" Gaskiyarsa ce, mun yi alkawari. Tanko ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗauki guduma.

Sai ƙaramar ƙofa ta buɗe, Hajiya Falmata ta fito, mahaifiyar Nura, tana dafa bango saboda ciwon gwiwa da ya daɗe yana cin ta. Ashe duk abin da ake yi tana ji. Ta leƙa motar ta dubi buhun, ta dube ni.

"Malam Habu, an ce wai ni ce wannan?"

"Hajiya, awo ne kawai."

"Kai da abokinka ba ku taɓa ganin mutum ba sai kun lissafa shi da buhu. A fitar da shi, ga mai kujerar ta zo."

Ba ta taɓa shiga motar ba sai ranar. Da ƙyar aka zaunar da ita. Nura ya ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, amma a ƙololuwa sai da ta sake gogawa, kaɗan, amma kowa ya ji. Hajiya ta ce ya koma baya. Da suka sauka titi ta buɗe ƙofa, ta kama bakin motar da hannu biyu, ta yi ta fama har ta miƙe.

"Auta, daga yau duk wanda ka ɗauko, ni ce ko baƙo, a nan zai sauka ya shiga da ƙafarsa. Motarka ta zauna yadda kake so, ginin Alhaji ya zauna yadda ya bar shi. Tanko, ajiye gudumar nan, ka shiga a ba ka ruwa."

Ta juya ta fara hawa tudun. Wata maƙwabciya ta miƙo hannu, ta ture shi. Tana ɗaga ƙafa ɗaya ta jawo ɗayar, hannunta a jikin ginshiƙin get, a tsakiya ta tsaya tana mayar da numfashi, ba ta waiwayo ba. Nura yana tsaye jikin jar motarsa yana kallon bayanta, har ta kai sama ta gangara ta ɓace mana.

Ya sauke idonsa kan farin zanen da ke jikin tudun. Sannan ya zo ya miƙo min hannu.

"Baba, ina sifanar nan mai ƙugiya?"

Na zaro ta daga aljihu na ba shi. Na ce, "Yatsa ɗaya za a ƙara?"

Ya ce, "Ko nawa ne, har sai ta shiga da ita a zaune."

Ya kwanta a ƙasa da farar shaddarsa, ni kuma na janyo jak ɗin motar na kafa masa.